Wa Zai Zaɓo Mana Faifan Ranar Lahadi?

Ranar Lahadi 27 ga Oktoba, 2024, Johnnie Walker ya gabatar da shirinsa na ƙarshe a tashar Radio 2 ta BBC. Shekarunsa 79 a duniya, 58 daga ciki a gaban makirfo ya yi su, kuma ciwon huhu ya riga ya ci ƙarfinsa har ta kai daga gida yake ɗaukar shirin. Kwana biyu kafin nan ya yi sallama da masu sauraron ɗaya shirin nasa, na kiɗan rock zalla, wato kiɗan jita mai lantarki da ganga, wanda ake sakawa daren Juma'a. Bai ga sabuwar shekara ba, rai ya yi halinsa ranar 31 ga Disamba. Ina cikin ɗimbin waɗanda suka saba jiran shirin nasa na Lahadi, Sounds of the 70s, ta intanet: awa biyu na waƙoƙin shekarun 1970, daga ƙarfe uku zuwa biyar agogon Landan. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da nasu. In suka mayar da nasu baya, shirin kan faɗo mana ƙarfe huɗu, sai an idar da La'asar a kama shi.

Mutuwarsa ta sake tayar da wata tambaya da masu gidajen rediyo a Ingila da Amurka suka daɗe suna yi a ofisoshinsu. Me ya sa za a ci gaba da biyan mutum albashi don ya zauna ya zaɓo tsofaffin waƙoƙin da kowa zai iya samu a wayarsa cikin ƙiftawar ido? Amsata ita ce mutumin nan da lokacin da aka ware masa su ne shirin. Duk tashar da ta sallami mai zaɓe ta riƙe waƙoƙin, to ta rufe shirin ne, ko da sunansa na nan a jadawali.

Su waƙoƙin babu abin da ya same su. Manhajar Spotify kaɗai tana ɗauke da waƙoƙi sama da miliyan 100. A Amurka, sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake saurare waƙoƙi ne da suka wuce wata 18 da fitowa. Kamfanin Sony ya sayi haƙƙin waƙoƙin Bruce Springsteen a 2021 kan kuɗin da aka ƙiyasta sun kai dala miliyan 500, a 2024 kuma ya sayi na ƙungiyar Queen kan kusan fam biliyan ɗaya. Ɗan kasuwa ba ya zuba irin wannan dukiya a kan hajar da ke shirin ɓacewa. Tsohon kiɗan rock yana cikin tallace-tallace, yana cikin filayen wasa, yana cikin manyan kantuna. Abin da ke ƙaranci shi ne wanda ya san waƙar, ya san mai ita, ya san abin da ya kamata ya biyo bayanta, kuma aka ba shi wuƙa da nama ya yanke hukunci.

Rigimar wa ke da ikon zaɓe ta girmi intanet nesa ba kusa ba, kuma rayuwar Walker kanta shaida ce. A farkon shekarun 1960 BBC ce kaɗai ke da izinin rediyo a cikin Birtaniya, kuma wata yarjejeniya da ƙungiyar makaɗa da masu faifai ta taƙaita mata yawan awannin da za ta saka faifai a mako. Matasa na son kiɗansu, babu inda za su ji shi da rana. Sai wasu suka ɗora na'urorin watsa shiri a kan jiragen ruwa, suka kafa anga a teku, can wajen iyakar ruwan ƙasar inda doka ba ta kai ba. Radio Caroline ta fara a Maris 1964. Walker ya shiga wannan harka a 1966. Gwamnati ta yi dokar da ta haramta wa ɗan Birtaniya aiki da irin waɗannan tashoshi ko kai musu talla da kayan masarufi, ta fara aiki tsakar daren 14 ga Agusta, 1967. Yawancin tashoshin sun yi shiru a wannan rana. Walker yana cikin 'yan ƙalilan da suka ci gaba da magana daga jirgin Caroline bayan sha biyun dare, yana sane da cewa ya zama mai laifi a idon hukuma. Bayan mako shida da 'yan kwanaki, ranar 30 ga Satumba, BBC ta buɗe Radio 1 don ta cike gurbin da ta ƙi cikewa tun farko, kuma da yawa daga ma'aikatanta na farko daga jiragen nan aka kwaso su.

Shi ma Walker ya shigo Radio 1 a 1969, amma bai daɗe ba ya fara karo da shugabanni. Suna son ya tsaya kan jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a makon, shi kuma yana son ya ciro waƙoƙi daga cikin manyan faifai, waɗanda ba a fitar don talla ba. A 1976 ya ajiye aikin ya tafi Amurka. Mutum ya bar ɗaya daga cikin kujerun da suka fi tsoka a rediyon ƙasarsa saboda an hana shi zaɓe. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa a wurin masu sana'ar, zaɓen shi ne sana'ar.

Amurkar da ya gudu zuwa ita ce daga baya ta nuna wa duniya yadda abin ke lalacewa. A shekarun 1980 aka ƙirƙiro tsarin tashoshin da ba sa saka komai sai tsofaffin waƙoƙin rock na shekarun 1960 da 1970, aka raɗa masa suna classic rock. Lissafin mai sauƙi ne: matasan jiya sun zama magidanta masu albashi, masu talla kuma su suke nema. Sai dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar, wadda a da ba ta wuce 40 ba. Cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel, wanda yanzu ake kira iHeartMedia, ya tara tashoshi kusan 1,200. Wanda ya ci bashi ya sayi tashoshi haka, dole ya rage kashe kuɗi, kuma albashin mai gabatarwa ne na farko da ido ke kaiwa gare shi. Aka koma mutum ɗaya ya naɗi muryarsa a wani birni, a rarraba ta ga garuruwan da bai taɓa takawa ba, yana gaishe su kamar ɗan unguwa. Zaɓen waƙa kuwa aka miƙa shi ga masu bincike. Sukan tara mutane, a saka musu 'yan daƙiƙoƙi daga kowace waƙa, su ba da maki. Wadda kowa ya gane nan take ta tsira. Wadda ke buƙatar a ji ta sau biyu kafin ta shiga rai, an yi waje da ita.

A 2014 wata kafar nazarin alƙaluma mai suna FiveThirtyEight ta bi tashoshin classic rock 25 na tsawon mako guda. An saka waƙa sama da sau 37,000, amma waƙoƙin daban-daban ba su wuce 2,200 da 'yan kai ba, kuma kaso mai tsoka na sakawar ya taru a kan 'yan ƙalilan daga ciki. Shekara ashirin da ɗoriya na aikin dubban makaɗa, an matse shi ya koma ɗan ƙunshin da ake ta juyawa safe da yamma. Wannan abin yana ci mini rai, domin yaron da ya tashi yana jin waɗannan tashoshi zai ɗauka iyakar abin da zamanin ya haifar ke nan.

Shirin mako-mako na mutum guda ya sha bamban da wannan. Wanda ya taɓa zama a wurin da makaɗin fada ke waƙa ya san aikin sanƙira: shi ke ɗaga murya ya fayyace wa ake nufi, ɗan wane ne, jikan wane, me ya yi har ya cancanci wannan baiti. In babu shi, baƙo zai ji daɗin sauti ya tashi bai fahimci komai ba. Aikin da mai gabatarwa nagari ke yi wa tsohon faifai ke nan. Zai gaya maka cewa wannan ƙungiya ta samari fararen fata 'yan Landan, Rolling Stones, daga waƙar wani baƙar fata ɗan Misisifi, Muddy Waters, ta samo sunanta, kuma a 1964 sun yi takakkiya har Chicago don su naɗi waƙa a ɗakin da dattijon ke naɗar nasa. Zai gaya maka cewa mawaƙi baƙar fata Willie Dixon ya maka ƙungiyar Led Zeppelin ta Ingila a kotu a 1985 kan kalmomin da aka ɗauko daga waƙarsa, aka sasanta a wajen kotu a 1987, aka ƙara sunansa cikin marubuta. Sannan ya saka maka na asalin da na kwafin a jere, ka ji da kunnenka. Kiɗan rock ɗa ne ga kiɗan blues na jikokin bayin da aka kwasa daga nahiyarmu. Jerin waƙoƙin da kwamfuta ta haɗa ba zai taɓa gaya maka haka ba, don ba a gina shi ya damu da asali ba. An gina shi ne ya hana ka kashe waya.

Akwai kuma batun lokaci, wanda nake ganin an fi raina shi. Shirin da ke zuwa sau ɗaya a mako yana tilasta maka jira, jiran kuma yana sa ka saurara da kyau in ya zo. Ba ka da madannin tsallakewa. Waƙar da ba ka so a minti na farko dole ka zauna da ita har ƙarshe, kuma ta wannan ƙofa yawancin waƙoƙin da na fi ƙauna a yau suka shigo mini. Ga shi kuma ka san ba kai kaɗai ba ne. A daidai wannan lokaci wani direban babbar mota yana ji a kan hanya, wata tana ji a gadon asibiti, wani dattijo da matarsa ta mutu bara ya aiko a saka masa waƙar ranar aurensu. Mai gabatarwa ya karanta saƙon, muryarsa ta ɗan sauya, dubban mutanen da ba su san dattijon ba suka taya shi jimami na minti huɗu. A Birtaniya, ƙasar da gwamnati ta ga kaɗaici ya yi yawa har ta naɗa minista ta musamman a kansa a 2018, wannan zama ba ƙaramin abu ba ne. A watannin ƙarshe na Walker kana jin yadda numfashi ke yi masa wuya tsakanin jimloli, kuma masu sauraro ba su gudu ba. Sun san muryar tun suna samari, sun tsaya tare da ita har ta ƙare.

Masu sukar wannan ra'ayi suna da hujjoji, wasu ma masu nauyi. Na farko, mai zaɓe mutum ne, mutum kuwa tara yake bai cika goma ba. A Amurka, ƙarshen shekarun 1950, an bankaɗo yadda kamfanonin faifai ke ba masu gabatarwa cin hanci don su saka waƙoƙinsu, abin da ya karya Alan Freed, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yayata kiɗan. Son kai ma yana nan. Radio 1 ba ta ɗauki mace mai gabatar da kiɗa ba sai 1970, lokacin da Annie Nightingale ta shiga, kuma ta yi shekara 12 ita kaɗai. Tashoshin tsohon rock da yawa in ka cire Jimi Hendrix da wuya ka ji baƙar fata, mata kuma sai jefi-jefi. Duk gaskiya ne. Amma mutumin da ya yi son kai yana da suna, yana da adireshi, ana iya rubuta masa wasiƙa, jarida na iya caccakarsa, ana iya korarsa a kawo wanda ya fi shi. Lissafin da ke cikin manhaja shi ma yana da nasa fifikon, akwai kuɗi a bayansa, sai dai babu fuskar da za ka tuhuma. Maganin mugun mai zaɓe shi ne a ƙara yawan masu zaɓe, a buɗe ƙofa ga mata da baƙaƙe da matasa, kowa da awarsa.

Na biyu, ana cewa irin waɗannan shirye-shirye zaman makoki ne na tsofaffi, suna cinye lokacin da ya kamata a ba sabbin makaɗa. Wannan sukar ta dace da tashar da ke juya ƙunshi ɗaya awa 24. Ba ta dace da awa ɗaya ko biyu a mako ba. Hasali ma tarihi ya nuna akasin haka. Tommy Vance ya riƙe shirin rock na daren Juma'a a Radio 1 daga 1978 zuwa 1993, kuma yana saka manya yana gayyato ƙananan ƙungiyoyi su naɗi waƙa a ɗakunan BBC, wasu tun ba su da kamfani. Wanda ya san tsohon abu sosai shi ya fi saurin gane sabon da ke da jini a jika. Kuma sabon makaɗi ba daga sama yake faɗowa ba, wani ya saurara.

Wani zai ce mini, to me ya haɗa Bahaushe da kiɗan Turawa, wanda wasu masu yinsa shaye-shaye ya hallaka su, wasu baitocinsa kuma ba sa saurarawa a gaban yara? Ban musa ba, akwai wannan a ciki, kuma ba na kiran kowa ya saurara. Wanda ya nisanci kiɗa saboda addininsa, ina girmama matsayinsa. Maganata a kan sana'ar rediyo ce, da abin da ke samun kowace irin taska in aka kori mai tsaronta.

Abin kuma ya wuce hasashe. A Oktoba 2024, cikin watan da Walker ya yi sallama, wata tashar gwamnati a birnin Krakow na ƙasar Foland ta maye gurbin masu gabatar da shirye-shiryen da ta sallama da muryoyin ƙirƙirarriyar basira, har aka shirya wata hira ta ƙarya da marubuciyar ƙasar da ta ci kyautar Nobel, wadda ta mutu tun 2012. Dubban mutane suka sa hannu a takardar koke, aka dakatar da gwajin bayan kimanin mako guda. A tsakiyar 2025 kuma wata ƙungiya mai suna The Velvet Sundown ta ɓulla a Spotify da sauti irin na rock ɗin shekarun 1970, ta tara masu sauraro sama da miliyan ɗaya a wata, kafin a amsa cewa babu makaɗi ko ɗaya a cikinta, na'ura ce ta haɗa komai. Manhajar ta yi ta tura wa mutane waƙoƙin saboda sun yi kama da abin da suka saba ji. Mai gabatarwa irin Walker da tambayarsa ta farko ita ce su wane ne waɗannan, a ina suka taɓa yin wasa, wa ya gan su? Nan take asiri zai tonu.

BBC ta yi abin da ya dace da ta miƙa shirin Lahadin ga Bob Harris, wani tsohon hannu, na Juma'ar kuma ga Shaun Keaveny. Tana iya yin haka ne saboda kuɗinta daga harajin lasisin talabijin da gidaje ke biya yake fitowa, mai talla ba ya tsaye a kanta. Amma ita ma ba ta tsira ba. A 2022 ta sanar cewa tashoshinta 39 na yankunan Ingila za su riƙa haɗa shirye-shirye bayan ƙarfe biyun rana, kuma masu gabatarwa da dama da suka shekara da shekaru suna hira da garuruwansu suka rasa kujerunsu. Idan gidan da ba ya neman riba yana yanke wannan reshe, ina ga mai neman riba?

In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Najeriya ma ta yi nata zamanin na rock. Bayan yaƙin basasa ƙungiyoyi irin su The Funkees daga gabas, da BLO da Ofege a Legas, sun yi tashe da jita mai lantarki. 'Yan Ofege ma ɗaliban sakandare ne a kwalejin St Gregory. Ginger Baker, makaɗin gangar ƙungiyar Cream, ya tare a Legas ya gina ɗakin naɗar waƙa a Ikeja, Paul McCartney kuma ya zo a 1973 ya yi faifai a ɗakin EMI. Bayan shekara talatin da wani abu, sai da wani ƙaramin kamfanin Ingila, Soundway, ya bi kasuwanni ya tono waɗannan faifai ya sake fitar da su a 2008, sannan da yawa daga matasanmu suka san an taɓa yi. Bombino ɗan Agadas ta Nijar kuwa ya koyi salon jita yana kallon bidiyon Hendrix da Mark Knopfler, ya haɗa da na Abzinawa, yau shi da Mdou Moctar suna cika zaure a Turai da Amurka. Igiyar ta tafi ta dawo, amma sai an samu mai ba da labarin kafin a ga haka.

Mu da muka tashi da Rediyon Kaduna da shirye-shiryen gaisuwa irin su Zaɓi Sonka mun san daɗin jiran lokaci da jin an ambaci sunan garinka. Muna da namu tsofaffin faifan da suka fi ƙarfin a kira su kayan tarihi kawai. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Waƙoƙinsu suna yawo a wayoyi, guntu-guntu, sau da yawa babu shekara, babu bayanin wanda aka yi wa, wani lokaci ma da sunan wani mawaƙin daban. Mutanen da suka san amsoshin, waɗanda suka riƙe makirfo a wurin ko suka zauna a fadar da aka rera, suna ta raguwa. Kaset da zaren naɗi ba sa jure zafi da danshi, kuma tun 2019 hukumar UNESCO ta yi gargaɗin cewa na'urorin da ke karanta su suna gab da ƙarewa a duniya.

Don haka roƙona ga shugabannin gidajen rediyonmu, na gwamnati da na 'yan kasuwa, ƙayyadadde ne. A ware awa ɗaya a mako wadda ba a sayar wa ɗan siyasa ko mai maganin gargajiya, komai tsadar man janareta. A ɗora ta a rana ɗaya da lokaci ɗaya, kar a riƙa matsar da ita. A nemo dattijo ko dattijuwar da ta san taskar, a biya ta hakkinta a kan kari, a bar ta ta zaɓi abin da za ta saka ba tare da an miƙo mata jeri ba. A zaunar da matashi ɗaya a gefenta yana juyar da zaren zuwa kwamfuta, yana rubuta sunan mawaƙi da shekara da dalilin waƙar yadda ta faɗa, sannan a ajiye kwafi a jami'ar da ke kusa.